Launin Haja da Launin Hoto: Hukuncin Cire Manhajar Gyaran Launi a Babbar Kasuwar Yamai

Babbar Kasuwa ta birnin Yamai, wadda gobara ta cinye a shekarar 1982 aka sake gina ta aka buɗe a 1987, wato ƙarshen zamanin Seyni Kountché, wuri ne da ido yake riga baki yin ciniki, musamman a layukan masu atamfa da shadda da leshi, inda launi shi ne rabin kuɗin haja. Tsohuwar al'adar masu saye a nan, kamar a Kantin Kwari na Kano, ita ce mace ta ɗauki turmin da ya kwanta mata a rai, ta ce wa mai shago, “Alhaji, bari in gan shi a rana,” ta fito da shi bakin ƙofa ta warware gefe ɗaya, domin ta san fitilar cikin shago tana iya mayar da makuba ta zama ja, shuɗi mai duhu kuma ya koma baƙi. A 'yan shekarun nan wani kaso na wannan ciniki ya koma cikin waya, ana ɗaukar haja a bidiyo a tura ta WhatsApp ko a ɗora a Facebook da TikTok, mai saye kuwa yana Maraɗi ko Damagaram ko Agadas, ba shi da ƙofar da zai fita da turmi ya duba. Ta haka wani mutum na uku ya shiga tsakanin yadi da idon mai saye, shi ne mai tace bidiyo, wanda a Yamai ake cewa yana yin montaj, kuma a hannunsa akwai kayan aikin da ke sauya launi cikin ƙiftawar ido. Idan zuciyar mai wannan sana'a ta fara yi masa ƙaiƙayi, har ya yanke shawarar cire kayan aikin daga kwamfutarsa, tambayoyi biyu sukan taso, ɗaya ta falsafa ɗaya ta shari'a: shin cirewar ta mayar da hoton ga gaskiyarsa, kuma shin ta sauke masa nauyin da ke wuyansa?

Malaman usulu sun nuna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa, don haka wajibi ne a fara da sanin kayan aikin. Manhajar tace bidiyo, irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve da CapCut, ita ce shirin kwamfuta ko na waya da ake yanka hoto mai motsi a ciki, a jera shi, a ɗora masa sauti da rubutu. Fulogin kuwa ƙaramar manhaja ce da wani kamfani daban yake ƙerawa, wadda ba ta iya tsayawa da ƙafarta sai an jona ta a jikin babbar, kamar yadda tela yake ɗaura wa kekensa wani ɗan ƙarfe don ya fitar da ɗinkin da keken bai zo da shi ba. Daga cikin sanannun fulogin na launi akwai jerin Magic Bullet na kamfanin Red Giant, wanda daga baya ya haɗe da Maxon, a cikinsa akwai Colorista mai daidaita launi, da Looks mai ba wa hoto wani yanayi na musamman, da Cosmo mai sulɓe fata da goge tabo. Akwai kuma abin da ake kira lut, wanda jadawalin lambobi ne kawai da ke gaya wa kwamfuta cewa duk inda ta ga launi kaza ta maye gurbinsa da launi kaza. Waɗanda suka koyi sana'ar da Faransanci suna kiran wannan aiki gaba ɗaya etalonaj, kalmar da asalinta take nufin gwada ma'auni da ma'aunin hukuma, irin yadda ake gwada tiyar mai hatsi ko sikelin mahauci. A zamanin Oumarou Ganda da Moustapha Alassane, lokacin da ake ɗaukar fim a kan zare, wannan aiki na ma'aikatan ɗakin wanki ne, galibi a Faransa; yau yana hannun duk yaron da ya mallaki kwamfutar cinya.

Cire fulogin abu ne mai sauƙi a zahiri, domin ko dai a yi amfani da shirin cirewa da kamfanin ya tanada, ko a rufe babbar manhajar a shiga jakar da take ajiye irin waɗannan kaya, wadda a wajen Adobe ake kira MediaCore, a goge fayil ɗin da hannu. Abin da ke biyo baya shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. Manhajojin tace bidiyo ba sa taɓa ainihin fayil ɗin da kyamara ta ɗauka; abin da suke ajiyewa a cikin kundin aiki umarni ne, cewa a daƙiƙa kaza a ƙara ja da kaza, a rage duhu da kaza. Saboda haka idan aka buɗe tsohon aiki bayan cirewar, manhajar takan fito da sanarwa cewa wani kayan aiki ya ɓace, hoton ya koma yadda kyamara ta bar shi, amma umarnin yana nan kwance a cikin kundin, kuma ranar da aka sake jona fulogin ɗin zai farka ya ci gaba da aikinsa kamar ba a taɓa cire shi ba. A wasu lokutan ma allon yakan ci gaba da nuna tsohon launin, saboda manhajar ta ajiye kwafin wucin gadi na abin da ta riga ta sarrafa, sai an share wannan ma'ajiya tukuna. Bidiyon da aka riga aka fitar aka miƙa wa ɗan kasuwa kuwa, launin ya riga ya gasu a jikinsa, babu wata cirewa da za ta kai gare shi.

Tunanin da ke bayan cirewar shi ne cewa akwai wani hoto na asali, tsarkakakke, wanda fulogin ya rufe kamar yadda hoda take rufe fuska, kuma da zarar an ɗauke shi gaskiya za ta bayyana. Wannan tunani bai dace da yadda kyamara take aiki ba. Allon da ke karɓar haske a cikin kyamara makaho ne game da launi, yawan haske kaɗai yake ƙirgawa, shi ya sa ake shimfiɗa masa wata raga mai ƙananan tagogi ja da kore da shuɗi, rabinsu kore, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Kowane ɗigo na hoto launi ɗaya yake gani, sauran biyun kuma kwamfutar da ke cikin kyamarar ce take ƙiyasta su daga ɗigon da ke maƙwabtaka da shi, ma'ana kashi biyu cikin uku na bayanin launi lissafi ne tun kafin hoton ya bar kyamara. Bayan haka sai kyamarar ta yi hasashen wane abu ne fari a wurin, ta auna sauran launuka da shi, kuma a ƙarƙashin rufin kasuwa, inda fitilar shago da hasken rana mai shigowa ta lungu suke cakuɗuwa, sau da yawa hasashen kuskure ne. Manyan kyamarori ma da gangan suke ajiye hoto a dushe, domin a bar wa mai tacewa sarari, ta yadda wanda ya cire fulogin daga irin wannan aiki abin da zai tarar shi ne shadda ruwan toka, kamar an ɗauke ta cikin ƙurar hunturu, wadda ta fi bidiyon da aka gyara nisa da shaddar da ke kan kanta.

Masana sun daɗe da sanin cewa ido ma ba ya karɓar launi kai tsaye. Alhasan Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani a littafinsa na ilmin gani cewa launin da ake riska a jikin abu yana sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa, kuma gani ba ya cika sai hankali ya yi aikin rarrabewa da kwatantawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja da kuskuren ido lokacin da yake binciken tushen yaƙini, inda ya kawo misalin inuwa da ake ganinta a tsaye alhali tana tafiya, da tauraro da ake ganinsa ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa. Ɗaliban tauhidi da suka karanta Ummul Barahin ta Shaihu Sanusi a zaure sun san bambancin jirmi, wato abin da ya cika wuri, da aradi, wato siffar da ke bijirowa a jikinsa ta iya gushewa, kuma launi yana cikin kashi na biyu. Duniya ta sake ganin wannan a watan Fabrairun 2015, lokacin da hoton wata riga ya raba kan masu amfani da intanet, wasu suna rantsuwa shuɗi da baƙi suke gani, wasu fari da ruwan zinari. Sai dai kuskure ne a tashi daga nan a ce tun da launi yana jujjuyawa, babu gaskiya a cikinsa balle ƙarya, domin ita wannan rigar, da aka fito da ita fili, shuɗi da baƙi ce, kuma matar da ta fita da turmi bakin ƙofa ta san inda ake yanke irin wannan gardama ba tare da ta karanta Ibn Haisam ba.

Akwai wani ɓangare na tarihin hoto da ya sa barin gyara yake iya zama rashin adalci ga mai baƙar fata. Shekaru da dama ɗakunan wankin hoto sun riƙa daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka san shi da katin Shirley, kuma zaren fim ɗin kansa an haɗa sinadaransa ne don ya fito da farar fata da kyau, abin da ya sa fuskar baƙar fata takan nutse cikin duhu, ido da haƙora kaɗai ake gani. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa daidai a hoto, yana cikin abin da ya tura kamfanin ya inganta yadda zarensa yake ɗaukar launin ƙasa-ƙasa. Kamfanin Transsion mai ƙera wayoyin Tecno da Infinix da itel ya samu karɓuwa a Afirka, a wani ɓangare, saboda ya saita kyamarorinsa don baƙar fata, Google kuma ya fito da irin wannan tsari a 2021. Duk wannan gyaran launi ne, an dai sa shi a cikin na'urar inda mai amfani ba ya ganinsa, don haka wanda ya cire fulogin bai fita daga gyara ba, ya miƙa wuya ne ga gyaran da wani injiniya ya zaɓa masa a Shenzhen ko Kaliforniya.

Game da halascin hoto shi kansa malamai sun yi saɓani, kuma Malikawa sun tsananta ne a kan sura mai jiki da inuwa fiye da wadda ke shimfiɗe a takarda. Ba wannan ce mas'alar nan ba. Mas'alar ta faɗa ne a babin ciniki, a ƙarƙashin sayen abin da ba ya nan bisa siffa. Hausawa suna ƙyamar cinikin biri a sama, shari'a kuma ta hana garari, wato cinikin da aka jahilci abin da ake saye, amma Imam Malik, wanda ya rasu a 795, ya halatta a Muwaɗɗa a sayar da dilolin tufafi ba tare da an kwance su ba, bisa takardar da ke bayyana abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj, kuma cinikin yana lazimtar mai saye matuƙar kayan sun dace da takardar. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan Yamai da Sakkwato da Zariya, ta maimaita wannan, ta kuma hana sayen tufar da ba a warware ba ba a siffanta ba, ko a saye ta cikin duhun dare inda ba a iya tantance ta. Wannan hani na ƙarshe yana ɗauke da amsar tambayar falsafa da ta gabata, domin yana nuna cewa fiƙihu bai nemi wani launi da ke tsaye shi kaɗai ba tare da haske ba. Ya ɗauki ganin da mutane suka saba da shi a haske na yau da kullum a matsayin ma'auni. Bidiyon talla shi ne barnamaj na wannan zamani, kuma ya fi takarda ƙarfi a zuciyar mai saye, saboda an ce gani ya kori ji, shi kuwa yana zaton gani ya yi alhali labari aka ba shi.

Da wannan ma'auni ake raba aikin mai tacewa gida biyu, ko da yake fulogin ɗaya ne da maɓallai ɗaya. Idan ya ja launin zuwa ga abin da ido zai gani a bakin ƙofa, ya cire koren da fitila ta shafa wa farin leshi, ya dawo wa shadda zurfin da kyamara ta dusashe, to ya kyautata siffa, kuma aikinsa ya yi kama da na mai gyara sikelin da ya karkace. Idan ya ja shi nesa da hajar, ya mayar da atamfa mai kwantaccen launi ta zama mai walƙiya, ko ya ɓoye inda rana ta ci gefen turmin da ya daɗe a rataye, to wannan algus ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Gazali a Ihya ya kawo misalan da suka fi kusa da layin 'yan yadi, inda ya lissafa nuna kyakkyawar fuskar tufa a ɓoye ɗayar, da baje tufafi a wuri mai duhu, a cikin ha'inci. Ba a kuma sharɗanta sai an furta ƙarya da baki ba, domin hadisi ya hana tasriya, wato a bar nono ya taru a hantsar dabba don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka ba mai sayen zaɓin mayar da ita, alhali mai sayarwar bai ce uffan ba.

Wani zai iya cewa ai ƙawata haja tsohuwar sana'a ce, yana kafa hujja da masu bugu, waɗanda suke dukan shadda da turkuɗi a kan gungume har su yi ƙyalli, irin turkuɗin garin Kura da Buzaye suke nema tun zamanin ayari. Hujjar ba ta tsaya ba, saboda bugu a jikin yadin yake, mai saye yana tafiya gida da ƙyallin da ya biya, shi kuwa ƙyallin fulogin yana zama a cikin waya ne yadin ya tafi ba tare da shi ba. Laifin kuma bai tsaya kan ɗan kasuwa ba. Mai tacewar da ya san inda bidiyon za shi, ya san kuma abin da aka ce ya ɓoye, ya shiga cikin taimakekeniya a kan zunubi da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana, kuma ladan da ya karɓa bai kuɓuta daga shubuha ba.

Bidiyon biki ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar tana cikin kalma ɗaya. Idan gwaggon amarya ta tsaya a kan mai montaj ta ce, “Ɗana, a ɗan ƙara wa 'yar tawa haske,” kalmar haske tana iya nufin a fito da fuskar daga duhun zauren biki, tana kuma iya nufin a mayar da wankan tarwaɗa ta zama fara, kuma sau da yawa mai maganar ita kanta ba ta raba biyun ba. Na farko haƙƙin amarya ne a kan kyamarar da ta zalunce ta. Na biyu wasu sukan kafa hujjar hana shi da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i game da sauya halittar Allah, amma abin da ya fi kusa da daidai shi ne ayar ba ta hau kansa kai tsaye ba, tun da hoto ba jiki ba ne kuma fatar yarinyar ba ta sauya ba. Illarsa tana wasu wurare biyu. Idan irin wannan hoto ne aka aika wa mai neman aure, ya shiga tadlisi, wato ɓoye hakikanin abu ga wanda yake da haƙƙin saninsa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa an hana wata mata yi wa 'yarta amarya ƙarin gashi duk da cewa ciwo ne ya zubar mata da nata. Idan kuma na ajiyewa ne a gida, babu wanda aka cuta a ciniki, sai dai amaryar za ta yi shekaru tana kallon wata fuska da ta fi tata fari ana ce mata ita ce a ranar da ta fi kyau, alhali aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launukan mutane a cikin ayoyin Allah. Daga irin wannan kallo zuwa kwalbar man bilicin tafiyar ba ta da nisa, kuma sinadaran da ake samu a wasu daga cikin waɗannan mayuka, irin su makuri da haidurokwinon, su ne suka sa Kodebuwa ta haramta su a 2015.

To ko wajibi ne a cire fulogin ɗin domin toshe ƙofar ɓarna? Ƙa'idar saddu zari'a, wato hana halal idan ya zama hanyar haram, tana da ƙarfi a mazhabar Malik, amma Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya nuna cewa ba kowace hanya ake toshewa ba: an haɗu a kan hana haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, an kuma haɗu a kan cewa ba a hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi, sauran suna tsakani ana saɓani a kansu. Kayan gyaran launi sun fi kama da inabi, saboda amfaninsu na halal shi ne ya rinjaya kuma babu bidiyon da ke wadatuwa da barinsu. Bugu da ƙari, cirewar ba ta toshe komai ba, domin Premiere Pro tana da nata ɓangaren launi mai suna Lumetri tun 2015, DaVinci Resolve kuwa asalinta ma na'urar gyaran launi ce kafin kamfanin Blackmagic Design ya saye ta a 2009 ya faɗaɗa ta, don haka hannun da ya saba ha'inci zai same shi a maɓalli na gaba. Duk da haka cirewar tana da muhallinta. Wanda ya san kansa, ya san cewa wani lut da ya ajiye ba shi da aiki sai farar da fata ko zuzuta launin haja, kuma ya san ba ya iya ce wa Hajiya a'a idan abin yana kusa da yatsansa, goge shi ya fi masa. Haka nan wanda fulogin ɗinsa na fashi ne, wato an karya makullinsa ba a biya masu shi ba, yana da wani dalilin cirewa daban, tun da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa.

Tambaya ta biyu, ta sauke nauyi, amsarta tana cikin sharuɗɗan tuba kamar yadda Imam Nawawi ya tsara su a Riyadus Salihin, wato daina laifin, da nadama, da ƙudurin rashin komawa, sannan idan laifin ya shafi haƙƙin wani a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi yafewarsa. Goge fulogin, idan an yi shi da niyya, yana iya zama alamar sharaɗi na farko, kuma wanda ya goge shi ya bar tsofaffin saitunansa a wata jaka don ko-ta-kwana ya san matsayinsa game da na uku. Sharaɗi na huɗu ne mai wuya, domin bidiyo kamar magana yake, zarar bunu ce, wanda ya fita daga waya ɗaya ya shiga zaurukan WhatsApp na mata a garuruwa goma ba ya dawowa. Abin da ya rage a hannun mai tacewa shi ne ya sauke abin da ke shafukansa, ya gaya wa ɗan kasuwar da ya yi wa aikin cewa bidiyo kaza bai dace da hajar ba, ya sake masa wani ba tare da ƙarin kuɗi ba, aikin da kuma ya fi sauƙi idan fulogin ɗin yana nan da ainihin fayil ɗin kyamara. A nan ne cirewar gaggawa take iya zama cikas ga gyaran ɓarnar da aka cire shi dominta.

Harshen Hausa kansa yana auna launi da abin da kowa ya sani, shi ya sa ake cewa ruwan goro da ruwan ɗorawa da ruwan toka da ruwan ƙasa, kuma sana'ar fim tana da irin wannan ma'auni a wani allo mai murabba'ai 24 na launuka sanannu, wanda kamfanin Macbeth ya fito da shi a 1976, ana ɗaukarsa a farkon bidiyo a daidaita sauran hoton da shi. Wanda ba shi da wannan allo farar takarda a gefen turmi ta ishe shi, tare da ɗaukar hajar da rana a inuwar bakin shago, da ajiye ƙyallen yadin kusa da kwamfuta lokacin tacewa don ido ya riƙa kai da komo tsakanin biyun. Bayan wannan akwai abin da ya fi ƙarfinsa, domin allon kowace waya yana nuna launi yadda masu ƙera ta suka so, wasu suna zuzuta ja da kore, kuma Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da take iyawa, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar. Wannan giɓi ɗan kasuwa ne yake cike shi, ta hanyar bayyana wa mai saye cewa launin waya yana iya ɗan saɓawa, da ba shi zaɓi idan ya ga kayan, abin da Malikawa suka halatta a cinikin abin da ba ya nan.

Tsakanin Yamai da Maraɗi akwai sama da kilomita 600, kuma turmin da aka sa a bas da asuba yakan isa hannun mai shi kafin gari ya sake wayewa. Idan mai sayen ta fita da shi tsakar gida ta warware, ta ga ba shi ne launin da aka nuna mata ba, kuma saɓanin ya wuce abin da mutanen kasuwa suke ɗauka a matsayin bambancin waya, to a mazhabar Malik tana da ikon mayar da shi ta karɓi kuɗinta, ko fulogin ɗin yana kan kwamfutar mai montaj ko an riga an goge shi.